ulimit ya ce 65535, amma manhajarmu na cijewa da an idar da Tarawihi

Ɗan Misfala | 17 ga Ramadan, bayan Asuba

Assalamu alaikum jama'a. Ya ibada? Allah ya karɓa mana.

Ina aiki da wani ƙaramin kamfani a nan Makka mai jigilar masu Umara daga masaukansu na Aziziyya da Kudai zuwa Harami. Muna da manhajar waya: direbobi na aiko da inda suke, alhazai kuma su buɗe taswira su ga ko bas ɗinsu ta kusa, don kada tsoho ya yi ta tsayuwa bakin titi da azumi a bakinsa ko gajiyar tsayuwar dare a ƙafarsa. Wanda ya rubuta ta ya koma gida tun bara, ni aka bar wa riƙon sabar.

Ga kayan da muke da su. Saba guda ce ta haya, Ubuntu 22.04, RAM giga 4, CPU biyu. nginx, mai karɓar haɗin wayoyi ya miƙa ciki, shi ne a gaba, bayansa manhajar Python wadda uvicorn ke tafiyarwa, furoses (wato manhaja a cikin gudu) ɗaya tal, systemd mai kula da sabis-sabis na Linux ke tayar da shi. Rumbun bayanai PostgreSQL. Duk wayar da ta buɗe taswira tana riƙe haɗin WebSocket, ba ta saki sai mai ita ya rufe.

Da rana babu wata mushkila. Amma da liman ya sallame Wutiri, kowa ya fito ya zaro waya a lokaci ɗaya, to nan ake yin ta. Masu haɗi na kusantar dubu sai komai ya cije. Waɗanda suka riga suka shiga suna ci gaba da ganin bas, sababbin zuwa kuma sai zagaye kawai yake juyawa a fuskar waya. CPU bai kai rabi ba, RAM ma da saura. A log ɗin manhajar ga abin da ke ta maimaituwa:

    socket.accept() out of system resource
    OSError: [Errno 24] Too many open files

Da farko nginx ne ke kuka cewa 768 worker_connections, wato yawan haɗin da kowane ma'aikacinsa zai iya riƙewa, ba su isa ba, na mayar da su 4096, ya yi shiru a kan wannan. Sai na bi abin da kusan kowane shafi ke cewa, na zuba wannan a /etc/security/limits.conf:

    * soft nofile 65535
    * hard nofile 65535

Na fita na sake shiga, ulimit -n, umarnin da ke nuna iyakar fayilolin da za a iya buɗewa a lokaci ɗaya, ya nuna mini 65535 ɓaro-ɓaro. Har sabar gaba ɗaya na kashe na kunna. Daren jiya kuskuren ya dawo kamar yadda ya saba.

Tambayoyina: ina wannan 65535 ɗin ta maƙale? In an gano wurin, lamba nawa ya dace na sa ba tare da na kayar da sabar ba? Sannan wani abokin aikina ya rantse mini cewa babu sabar da ke wuce haɗi 65535 ko me aka yi mata, shin gaskiya ne?

Goman ƙarshe ta ƙarato, ga Tahajjud zai ƙaru a kan Tarawihi, fitowa biyu ke nan kowane dare. Mudir ɗinmu kuma ya fara maganar a sayi babbar saba, ni kuwa zuciyata ba ta ba ni cewa ƙarfi ne ya gaza ba.

Ummu Khalid | Jidda

Wa alaikumus salam ƙanena. Zuciyarka ta faɗa maka daidai, kada ku kashe riyal ko ɗaya tukuna.

Lambar da ulimit -n ya nuna maka gaskiya ce, sai dai taka ce, ba ta manhajar ba. A Linux wannan iyaka kowane furoses da tasa, kuma gadonta yake yi daga wanda ya tayar da shi. Fayil ɗin limits.conf, PAM, mai tantance masu shiga saba, shi ne ke karanta shi, PAM kuwa sai lokacin da mutum ya shiga, ta SSH ko makamancinsa. Manhajarka ba ta bi ta nan ba. systemd ne ya haife ta, shi kuma ko kallon wancan fayil ɗin ba ya yi. Shi ya sa kashe sabar da kunnawa bai canja komai ba.

Kada ka ɗauki maganata, je ka tambayi furoses ɗin da kansa. A ce sunan sabis ɗinka jigila:

    systemctl show -p MainPID jigila
    grep "open files" /proc/LAMBA/limits

Ka sa lambar da ta fito a wurin LAMBA. Ina kyautata zaton za ka ga 1024 da 524288. Ta farko ita ce ƙaramar iyaka, wadda ake aiki da ita yanzu. Ta biyu babbar iyaka ce, rufin da furoses zai iya ɗaga ƙaramar zuwa gare shi ba tare da izinin root, mai cikakken iko a sabar, ba. Tun systemd 240, wanda ya fito a ƙarshen 2018, aka kai babbar 524288 aka bar ƙaramar a 1024. Kuma kalmar fayil a nan ta haɗa da soket, wato bakin kowane haɗi: kowace waya da ta haɗu lamba ɗaya ce, kowane haɗi zuwa PostgreSQL lamba ɗaya, log ɗin da kake rubutawa ma haka. Ka ga dalilin da abin ke tsayawa kafin dubu ta cika sosai.

Gyaran dindindin:

    sudo systemctl edit jigila

ka rubuta

    [Service]
    LimitNOFILE=32768

ka adana, sannan systemctl restart jigila. Kada ka taɓa asalin fayil ɗin sabis ɗin, wannan hanyar tana ajiye gyaranka a gefe.

In ba ka son yanke wa mutane haɗi a tsakiyar aiki, akwai hanyar ɗaga wa furoses iyaka yana cikin gudu:

    sudo prlimit --pid LAMBA --nofile=32768:524288

Nan take take kamawa, amma da an sake tayar da sabis ɗin ta tafi, don haka ka yi duka biyun.

Saura nginx, don shi ma yana cikin wannan rami. Ka ce masa 4096, amma kowane ma'aikacinsa 1024 systemd ya ba shi. Duba error.log ɗinsa wajen lokacin da ya tashi, za ka tarar ya yi maka gargaɗi cewa worker_connections sun zarce iyakar fayiloli ta 1024. Kuma shi kowace waya lamba biyu take cin masa, ɗaya ta wajen wayar, ɗaya ta wajen uvicorn. Ma'aikata biyu, kowanne da kusan waya 500, ka ga shi ma a dubu yake tsayawa. Bango biyu ne a jere, in ka rushe ɗaya ka bar ɗaya za ka ce gyaran bai yi ba. A saman nginx.conf, wajen da worker_processes yake, ka ƙara:

    worker_rlimit_nofile 16384;

Sai nginx -t, sai reload.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: shafukan nan da ka karanta za su ce ka sa fs.file-max ya zama 100000 ko makamancin haka. Kada ka yi. Duba /proc/sys/fs/file-max a sabarka, za ka ga wata doguwar lamba mai farawa da 9223372. In ka bi shawararsu rage ta za ka yi. Da iyakar na'ura gaba ɗaya ce ta cika, kuskure mai lamba 23 za ka gani, mai cewa in system a ƙarshensa. Naka 24 ne, na furoses guda.

Abba_Riyad | Riyad

Yaya Ummu Khalid ta gama magana. Ni dai ƙarin da zan yi, me ya sa za a tsaya wani 32768? Ka rubuta LimitNOFILE=infinity kawai ka huta, khalas. Haka nake yi a duk sabar da na taɓa, ban taɓa ganin Errno 24 ba tun daga nan. Ko kuma ku bar Python ɗin nan, mu da ke Node da Go ba mu san wannan ciwon kan ba.

Baba Mai Wurno | Bur Sudan

Sallama gare ku 'ya'yana. Wutarmu ba ta zama, don haka zan rubuta abin da ya samu kafin batir ya ce ga garinku.

Abin da Hajiya Ummu Khalid ta faɗa haka yake, ka yi shi yau. Ni tambaya zan yi maka, ɗana. Ka ce masu haɗi na kusantar dubu. Wa ya ƙirga? Manhajar ce ta faɗa maka, ko kuwa kai ka ga 1024 ta cika ka ɗauka duk wayoyi ne?

Na yi shekaru ina riƙe sabobin wata makaranta a Wad Madani kafin yaƙin 2023 ya taso da mu nan bakin teku. Abin da na fi gani shi ne, in wannan kuskure ya fito, mutane ne suka yi yawa a wani lokacin, a wani lokacin kuma manhajar ce ke buɗewa ba ta rufewa. Sau da yawa ma duka biyun ne a haɗe. Mai shayin bakin kasuwa in ba ta bi tana tattara kofunanta, ko dozin goma ka saya mata, kafin La'asar za ta ce kofi ya ƙare. Ɗaga iyaka sayen kofuna ne. Yana da kyau in masu sha ne suka ƙaru.

Ga yadda za ka bambance. Da hantsi, lokacin da alhazai ke barci kuma bas-bas na ajiye, ka ƙirga:

    sudo ls /proc/LAMBA/fd | wc -l

Ka sake ƙirgawa bayan Azahar, da bayan buɗa-baki, da tsakiyar cunkoso, da kuma bayan kowa ya koma masauki. Lafiyayyar manhaja lambarta na hawa ta sauko. In ka ga tana hawa ba ta dawowa inda ta taso, kullum da ɗan ƙari, akwai abin da ake bari a buɗe. Sannan ka duba wannan:

    sudo ss -tanp state close-wait

CLOSE-WAIT na nufin ɗaya ɓangaren ya yi sallama ya tafi, kenel, wato zuciyar Linux, ya sanar da manhajarka, ita kuma ba ta rufe nata gefen ba. Wannan ba ya gushewa da kansa komai daɗewa, yana nan har sai an rufe ko furoses ya mutu. Kada ka rikita shi da TIME-WAIT, wanda za ka iya gani da yawa ka tsorata: shi daƙiƙa 60 yake yi ya ɓace, kuma ba ya cin komai daga cikin 1024 ɗinka. In ka ga CLOSE-WAIT da yawa, dubi adireshin da ke gefen dama, shi zai nuna maka wane sashe na manhajar ne mai laifin.

Akwai kuma abin da ya shafi wurinku musamman. Na yi Umara a Ramadan, na san yadda sabis ɗin waya ke zama in jama'a sun fito ta titin Ibrahim Khalil. Waya na shiga rami ko cunkoso sai ta ɓace ba sallama, in ta dawo ta buɗe sabon haɗi, tsohon na nan a rataye. In ka bar wa kenel ya gano da kansa, tsarinsa na asali sai haɗi ya yi shiru daƙiƙa 7200 kafin ya fara tambaya, awa biyu ke nan, shi ma sai in an kunna masa. Sa'arka uvicorn na aika ping, saƙon duba ko wayar na nan, duk daƙiƙa 20 in ba a kashe ba. Duba layin da ke tayar da shi ka tabbata wanda ya gabace ka bai kashe ba.

Abba, ɗana, ban yarda da infinity ba. Iyaka ita ce ke sa manhaja mai ɓarna ta faɗi ita kaɗai. In ka cire, za ta yi ta ci har RAM ya ƙare, sannan kenel ya zaɓi wanda zai kashe, kuma ba lallai ya zaɓi mai laifin ba. Yana iya faɗawa kan PostgreSQL, a saba mai giga 4 da komai ke zaune wuri ɗaya. Node da Go kuwa ba wani sihiri suka yi ba, suna ɗaga ƙaramar iyakarsu zuwa babbar da kansu lokacin tashi, Go tun 1.19. Python ba ya yi sai ka ce masa.

Ummu Khalid | Jidda

Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya kawo muku sauƙi a can. Na bar tambayarsa ta uku, bari na cike.

Ɗan Misfala, abokin aikinka ya ji ƙamshin gaskiya ne bai kai ga tukunyar ba. Lambobin ƙofa, wato port, su ne ke ƙarewa a 65535, ba haɗi ba. Kenel na gane kowane haɗi da abu huɗu: adireshin mai kira da ƙofarsa, adireshin wanda aka kira da ƙofarsa. Duk wayoyin alhazanku ƙofa 443 suke bugawa, amma kowacce da nata adireshin ko tata ƙofar, don haka ba sa karo. Ta wannan gefen RAM ne zai tsayar da kai, ba 65535 ba.

Inda maganarsa ke da ƙafa shi ne tsakanin nginx da uvicorn. A can abu uku cikin huɗun ba sa canjawa, 127.0.0.1 ne ke kiran 127.0.0.1 a ƙofa guda. Saura ƙofar mai kira, ita kuma Linux na ɗiba ne daga 32768 zuwa 60999, wato 28232. Kun yi nisa da nan ƙwarai. Ranar da kuka kusa, ka mayar da uvicorn kan soket na Unix da --uds, maganar ƙofa ta ƙare.

Wani abu kuma da ya sa ban so a ɗaga wa duk sabis ɗin sabar ta DefaultLimitNOFILE: ba don rowa aka bar 1024 ba. Tsohon kiran nan select(), da manhaja ke sa ido kan haɗi da shi, ba ya iya riƙe lambar fayil da ta kai 1024. uvicorn kansa epoll, sabuwar hanyar da ba ta da wannan iyaka, yake amfani da shi, babu damuwa, amma in akwai wani tsohon laburare a cikin manhajar da ke kiran select(), bayan ka ɗaga iyaka za ka fara ganin filedescriptor out of range in select(). Ka sa ido a log a daren farko.

Ɗan Misfala | 19 ga Ramadan

Jama'a Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani. Ga rahoto.

Yaya Ummu Khalid, 1024 da 524288 na gani, kamar kina tsaye a bayana. Gargaɗin nginx ma yana nan a error.log tun ranar da na sa 4096. Na yi prlimit kafin Isha, na gyara nginx, na rubuta LimitNOFILE. Daren nan biyu babu Errno 24 ko ɗaya, select() ma bai yi magana ba. A tsakiyar cunkoso fayilolin uvicorn sun haura 1800, RAM bai ko girgiza ba. Ashe mutane da yawa muke korowa kowane dare ba mu sani ba. Wani direbanmu ɗan Agadas ya ce shi dai ya lura an daina kiransa a waya ana tambayar ina yake.

Baba, maganarka ma ta fito. Da hantsi, babu kowa a taswira sai direbobi ƙalilan, amma na tarar da fayiloli sama da 300 a buɗe. Kusan duka CLOSE-WAIT ne, kuma adireshi ɗaya suke nunawa: kamfanin da ke aika mana saƙon tes in bas ta iso. Na buɗe wurin a cikin manhajar, sai ga shi duk saƙo ɗaya ana ƙirƙirar sabon mai aikawa na HTTP, a jefa shi cikin wani jeri don sake gwadawa in ya gaza, ba a taɓa rufe shi ko cire shi ba. Wato tun kafin a fito daga Tarawihi an riga an cinye mana kusan kashi ɗaya cikin uku na 1024 ɗin. Yanzu na gane dalilin da ranar da na kashe sabar na kunna abin ya ɗan jinkirta kafin ya cije. Na mayar da shi mai aikawa guda da ake buɗewa lokacin tashi, na gwada a kwamfutata, yana aiki. Ping ɗin uvicorn kuma ba a taɓa shi ba.

Abba, infinity dai na bar maka, amma in ka shigo Umara ka neme ni a Misfala, akwai masa da miyan taushe.

Saura abu ɗaya. Gyaran nan sai na sake tayar da uvicorn kafin ya hau, kuma ina tsoron duk wayoyin su dawo a daƙiƙa ɗaya su danne shi. Sannan tun da na yi wa nginx reload nake ganin tsofaffin ma'aikata biyu a ps an rubuta musu is shutting down, sun ƙi tafiya. Na kashe su da hannu?

Baba Mai Wurno | Bur Sudan

Madalla ɗana. Kada ka kashe su. Suna riƙe da wayoyin da suka haɗu kafin reload ne, galibi na direbobinka da ba sa rufe manhaja, kuma nginx ba ya korar mai haɗi sai ya tafi da kansa. Da ka sake tayar da uvicorn waɗannan haɗin za su yanke, su ma su tafi. Don gaba, ka sa worker_shutdown_timeout 10m; kusa da inda ka sa worker_rlimit_nofile, kowane reload tsofaffin za su jira minti goma su sallama.

Tayarwar kuma ka yi ta da hantsi, wajen ƙarfe tara zuwa goma, ka gaya wa direbobi tun dare. Mutum ashirin ko talatin ba za su danne komai ba. Amma tsoron naka na da tushe in abin ya faɗi da kansa a daren 27. Layin jiran kenel ba shi ne zai fara cika ba, iyakarsa, somaxconn, 4096 ce tun kenel 5.4, naku kuwa 5.15 ne ko sama. Na nginx ne ƙarami, 511 in ba ka faɗa masa ba, don haka ka ƙara backlog=4096 a layin listen 443. Sauran aikin a manhajar wayar yake: in haɗi ya yanke kada ta sake bugawa nan take, ta jira wani lokaci da ta zaɓa da ka tsakanin daƙiƙa 1 da 10, in ta gaza ta ninka. Wannan sai kun fitar da sabon zubi, kuma ban ga alhazai na sabunta manhaja a goman ƙarshe ba, don haka ka rubuta shi cikin aikin Shawwal, kafin jiragen Hajji su fara sauka.

Ka ci gaba da ƙirgan nan na hantsi har Sallah, ka riƙa rubutawa a takarda. In gyaranka ya kama, lambar za ta tsaya ƙasa da 100 kowace safiya. In ta ci gaba da hawa, akwai wuri na biyu, sai ka turo mana abin da ss ya nuna.